Ciwon gut da kwanon nama: maganar wa mara lafiya zai bi?

Sa'adu, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya raba kan mutanen gidanmu. Baffana dillalin shanu ne da ya haura shekara 55, kuma likita ya tabbatar masa cewa ciwon da ke kumbura masa babban yatsan ƙafa cikin dare shi ne wanda ake kira gut. Awon jini ya nuna yurik asid ɗinsa, wato sinadarin da taruwarsa ke jawo wannan ciwo, ya kai miligiram 94 a lita, sai likitan ya rubuta masa magani mai suna allopurinol, ya ce zai daɗe yana sha, ya kuma faɗa masa abincin da zai rage. Tun da ya dawo gida kowa ya zama likita. Abokan kasuwancinsa sun ce irin wannan magani idan ka fara shi ba ka rabuwa da shi har abada, gara ya bar nama kawai. Goggona ta ce sanyi ne, ta haɗa masa jiƙo. Wani maƙwabci ya hana shi wake da tumatir, wani kuma ya ce ya riƙa shan kanwa. Yanzu Baffa ya ajiye maganin, a gida yana cin tuwo da miyar kuka ba nama, amma idan ya je kara sai ya ci balangu tare da abokansa, domin a cewarsa ba ya iya janye hannu daga kwanon da aka kira shi. Shin abinci kaɗai yana iya riƙe wannan ciwo? Kuma ta yaya ɗa zai nuna wa babba cewa yana bin maganar waɗanda ba su san ciwon ba, ba tare da ya yi masa rashin kunya ba?

Alhaji Ɗanjuma, Kusuri:
Wa alaikumus salam. Ɗana Sa'adu, Allah ya ba Baffanka lafiya. Ni ciwon nan ya sha kwantar da ni, na san cewa idan ya tashi ko mayafi ba ya iya taɓa yatsan, ballantana takalmi. Abin da na yi shi ne na bar hanta da ƙoda da farfesun kayan ciki, na daina lemon kwalba, na lazimci shan ruwa da yawa, kuma cikin ikon Allah yanzu sai in daɗe ƙwarai ban ji shi ba, alhali ban taɓa shan wannan ƙwayar ba. Saboda haka kada ka yi saurin raina maganar abokan Baffanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ɗanɗani ciwo yana da abin faɗa a kansa.

Malama Hadiza, Marwa:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, kuma abincin da ka bari hakika su ne a sahun gaba na waɗanda ake hana masu wannan ciwo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in yi bayanin abin da ya sa hanyar da ta ishe ka ba lalle ta ishi Baffan Sa'adu ba.

Yurik asid saura ne da jiki ke fitarwa idan ya narkar da wasu sinadarai da ake kira fiyurin. Wasu daga cikin fiyurin ɗin daga abinci suke zuwa, amma mafi yawansu jikin mutum ne da kansa yake samar da su yayin da ƙwayoyinsa ke mutuwa suna sabuntawa, ko da kuwa bai ci nama ba. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na yurik asid ta fitsari, sauran kuma ta hanji yake fita. A yawancin masu gut, asalin matsalar ita ce ƙodarsu ba ta fitar da shi yadda ya kamata, kuma sau da yawa gado ne, shi ya sa za ka ga mutum biyu suna cin kwano ɗaya shekara da shekaru, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. Idan yawansa a jini ya wuce wajen miligiram 68 a lita, sai ya fara daskarewa yana zama ƙananan tsinke-tsinke a cikin gaɓoɓi, musamman wurare masu sanyi da ke nesa da zuciya kamar yatsan ƙafa. Domin su narke, ana son a sauko da shi ƙasa da miligiram 60 a lita, a kuma riƙe shi a nan.

To, ga lissafin. Mutum ko ya tsananta wa kansa a abinci, abin da galibi yake ragewa bai cika wuce miligiram 10 a lita ba. Wanda yake kan 70 yana iya sauka kusa da inda ake so, kuma mai yiwuwa Alhaji yana cikin irin waɗannan. Wanda yake kan 94 zai dawo wajen 84 ne, wato har yanzu tsinken yana taruwa ko da ƙafar ta yi shiru. Shirun ƙafar shi ne ke yaudarar mutane, domin bayan shekaru sai ƙulli masu tauri su fito a yatsu da gwiwar hannu da gefen kunne, gaɓa ta lalace, wani kuma ya samu tsakuwar ƙoda. Alhaji, ko ka sake yin awon jini tun da ka canza abinci?

Alhaji Ɗanjuma, Kusuri:
Ban sake ba, Malama. Tun da ƙafa ta lafa ban ga abin da zai kai ni ba.

Garba Mahauci, Ngaundare:
Ku yi mini afuwa, ni sana'ata ake taɓawa, dole in sa baki. Kakanninmu mahauta ne, da nama suka rayu, kuma ban taso na ji ana kukan wannan ciwo kamar yanzu ba. Abin da na lura da shi a bakin tukubata shi ne, masu zuwa suna ɗingishi yawancinsu manyan 'yan kasuwa ne masu teɓa, waɗanda ba sa taka ƙasa sai mota, kuma ba sa cin tsire sai da lemon kwalba biyu a gefe. Me ya sa kullum laifin yake faɗawa kan nama shi kaɗai? Ina so a faɗa mini gaskiya, wane nama ne ke da laifi, kuma nawa ne ya yi yawa?

Malama Hadiza, Marwa:
Malam Garba, abin da idonka ya gani yana da tushe. Ƙiba tana ɗaga yurik asid, kuma sukari, musamman nau'in da ake kira furuktos wanda ke cikin lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali, yana sa jiki ya ƙara samar da shi. Sukarin da muke zubawa a shayi ma rabinsa furuktos ne, kuma kowa ya san yadda ake dafa shayi a majalisunmu daga Marwa har Injamena, ana zagayawa da shi tun hantsi har dare. Zoɓo a karan kansa ba shi ne abin tsoro ba, sukarin da ake cika masa ne. Giya kuma tana cikin mafi muni, musamman ta hatsi, ko ta kwalba ko bilbil, domin tana kawo fiyurin sannan tana hana ƙoda fitar da yurik asid. Na ambace ta ne domin muna zaune da maƙwabta da abokan aiki masu sha, kuma ciwon bai san addini ba.

Amma nama bai kuɓuta ba. Kayan ciki, wato hanta da ƙoda da zuciya da saifa, su ne suka fi kowane sashe yawan fiyurin, sai jan nama na sa da rago da akuya. Romo ma abin lura ne, domin fiyurin yana fita daga nama ya shiga ruwan dahuwa, don haka wanda ya bar tsoka ya shanye romo bai tsira ba. A kifi, sardin na gwangwani da ƙananan kifaye da ake ci ɗungurungum har da cikinsu sun fi nauyi, yayin da ɗan yankin karfasa ko giwan ruwa daga tafkin Lagdo ko na Maga ba a hana shi ɗungum, ana dai taƙaita shi.

Akwai wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2004, wanda ya bi maza fiye da 47,000 har shekara 12. Ya gano cewa masu yawan cin nama da abincin teku sun fi kamuwa da gut, masu yawan shan madara da nono, musamman wanda aka rage wa mai, sun fi tsira, sannan kayan lambu masu fiyurin irin su wake da alayyafo ba su ƙara haɗarin ba. Saboda haka maƙwabcin da ya hana Baffa wake ya raba shi da abin da ya kamata ya maye gurbin nama. Mu da Allah ya hore wa nono da kindirmo a kowace kasuwa, bai kamata mai gut ya zauna da yunwa ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, nonon da aka cire wa mai, zogale, kuɓewa, lalo, tafasa, tuwon dawa, duk waɗannan halal ɗinsa ne.

Malam Isiyaku, Ngaundare:
Ni malamin makaranta ne, ba ni da ta cewa a kan magani, amma tambayar Sa'adu ta biyu ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Ku lura cewa Baffa ya san nama yana cutar da shi, hujja kuwa ita ce a gida ba ya ci. Iliminsa bai canza ba tsakanin gida da kara, mutanen da ke kewaye da shi ne suka canza.

A farkon shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Solomon Asch ya yi wani gwaji da ya shahara. Yakan zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su, a nuna musu zane-zanen layi, a tambayi wanne ne ya yi daidai da wanne a tsawo. Amsar a bayyane take, yaro ma zai gane, amma sai waɗanda aka haɗa baki da su duk su faɗi amsar kuskure ɗaya bayan ɗaya. Kusan mutum uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a a kan kuskuren aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu yana ganin gaskiya. Idan haka ta faru tsakanin baƙi a kan tsawon layi, ina ga dattijo a cikin abokan da yake ciniki da su shekara talatin, waɗanda amanarsu ita ce jarinsa? Abin da ya fi amfani a gwajin shi ne, idan aka samu mutum ɗaya tak a cikin taron da ya faɗi gaskiya, bin kuskuren yakan ragu ƙwarai. Don haka, Sa'adu, a ganina ba wa'azinka Baffa yake buƙata ba. Aboki ɗaya yake buƙata a bakin wannan kwano.

Hajiya Maimuna, Injamena:
Malam Isiyaku, na yarda da ƙarshen maganarka, amma ban yarda a kira abin da Baffa yake yi bin kuskuren jama'a kawai ba. A wurinmu cin abinci tare zumunci ne, kuma wanda aka miƙa wa nama ya ƙi, ana iya fassara shi da girman kai, ko a ce yana zargin mai abincin da wani abu. Dattijo kuma ba ya son a ce ya fara gazawa a gaban sa'o'insa. Kara ce da kunya, kuma ba abin zargi ba ne a ce mutum yana da su.

Maigidana yana da wannan ciwo, kuma abin da na koya shi ne ba a cin nasara da hani, sai da musanya. Na daina cewa kada ka ci wannan, kada ka ci wancan, domin wannan yana sa namiji ya ci a waje a ɓoye. Na rage naman miya na ƙara wake da ganye, na kan tafasa naman in zubar da ruwan farko, na mai da fura da nono ba sukari abin tarbarsa da rana, kuma ina tabbatar ya fita da gorar ruwa, domin zafin Maris da Afrilu a nan ba ya barin ruwa a jikin mutum. Maganar majalisa kuwa, babban amininsa na samu ta hannun matarsa, aka yi masa bayani. Yanzu idan aka kawo gasasshen naman raƙumi, aminin ne da kansa yake cewa Alhaji zai ɗauki yanka biyu ne kawai, likita ya sa masa doka. Da zarar wani ya faɗa a madadinsa, kunyar ta fita, har abin ya zama na raha. Amma kada a fahimce ni ba daidai ba, duk da wannan yana shan maganinsa kullum.

Abbakar, Garwa:
Ina aiki a kantin sayar da magani, kuma akwai wani abu game da wannan ciwo da ke sa maganar maƙwabta ta fi ta likita kama da gaskiya, wanda idan ba a gane shi ba za a yi ta jayayya a banza.

Tashin gut yakan lafa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu ko ba a sha komai ba. Mutum yana neman magani ne lokacin da zafin ya kai maƙura, wato dab da lokacin da zai fara sauka. Saboda haka duk abin da aka ba shi a ranar, jiƙo ne ko kanwa ko ƙaho ko tafarnuwa, shi zai karɓi yabo. Mai ba da shawarar ba ƙarya yake yi ba idan ya rantse cewa ya sha ya warke, ya dai jingina saukin ga abin da ba shi ya kawo shi ba.

Allopurinol kuwa akasin haka yake. Ba ya kashe zafi ko kaɗan, aikinsa shi ne rage yawan yurik asid da jiki ke ƙerawa. Kuma a watannin farko, yayin da tsohon tsinken da ya taru ya fara narkewa, ciwon yana iya tashi fiye da da. Sai mara lafiya ya ce maganin likita ya ƙara masa ciwo, abokai su ce ai mun faɗa maka, ya ajiye shi daidai lokacin da ya fara aiki. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, galibi miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka ga mai raunin ƙoda, ana ƙarawa sannu a hankali gwargwadon awon jini, kuma likita yakan haɗa da ɗan wani maganin kumburi mai suna kolshisin na wata uku zuwa shida domin ya tare wannan tashin. Wanda ya riga ya fara kuma ba ya dakatarwa don ciwon ya tashi.

Batun cewa idan ka fara ba ka rabuwa da shi, gaskiya ne yawanci ana daɗewa ana sha, amma ba don maganin ya kama jiki ba. Ƙodar da ba ta fitar da yurik asid sosai tana nan yadda take, idan aka bari sai ya sake taruwa. Magani ne tsoho da ake amfani da shi tun 1966, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba wanda yake hana mutane, wato diklofenak da ibuprofen da ake saye a teburin bakin hanya ana sha kamar gyaɗa duk lokacin da ƙafa ta motsa. Suna kashe zafi, amma yawan shansu yana cin ƙoda da tumbi, kuma ƙodar da ta raunana tana ƙara riƙe yurik asid. Kanwa kuma gishiri ce mai yawan sodiyam, ba ta dace da mai hawan jini ba.

Alhaji Ɗanjuma, Kusuri:
Na ji bayananku, amma ina ganin kuna neman mai da shawarar 'yan'uwa abin banza. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Mu da muka taso ba asibiti kusa, da maganar manya muka rayu. Kuma su likitocin ba baki ɗaya suke magana ba. Ni da kunnena wani ma'aikacin lafiya ya hana ni wake da alayyafo da yakuwa, ga shi yau Malama Hadiza ta ce wake halal ne. Idan masu ilimin suna saɓa wa juna, me zai hana mutum ya bi wanda ya sani ya kuma yarda da shi?

Malam Isiyaku, Ngaundare:
Ranka ya daɗe, wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba wanda zai ce a daina jin maganar 'yan'uwa, domin Hajiya Maimuna ta nuna cewa da bakin aboki aka gyara abin da bakin abokai ya ɓata. Bambancin da nake gani shi ne, a yawancin al'amuran rayuwa, kamar aure ko ciniki ko ƙaura, ba mu da ma'aunin da zai raba gardama, dole mu dogara da hankalin waɗanda suka riga mu. Wannan ciwo kuwa yana da ma'auni. Idan abokan Baffa sun ce barin nama ya isa, ba sai an yi musu da su ba. A bar naman da gaske na wata biyu ko uku, a koma a auna jini. Idan ya sauka ƙasa da 60, sun yi gaskiya. Idan bai sauka ba, takardar ce ta faɗa, ba Sa'adu ba, kuma ba wanda aka kunyata. Haka ma saɓanin ma'aikatan lafiya, tsohuwar koyarwa ce ta hana wake bisa hasashe, da aka bi dubban mutane aka duba sai aka sauya. Wanda yake sauya magana idan hujja ta zo ya fi cancantar a saurare shi.

Akwai kuma tambayar da nake so kowane mai karɓar shawara ya riƙa yi a zuciyarsa: idan wannan magana ta zama kuskure, wa zai kwana da zafin? Abokan kara za su koma gidajensu su yi barci.

Malam Tukur, Figil:
Bari in ƙara wani abu ta fuskar addini, domin wasu suna ɗauka cewa ƙin cin abin da aka gayyace ka saɓa wa sunna ne. Amsa gayyata haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, amma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wanda aka kira zuwa abinci ya amsa, in ya so ya ci, in ya so ya bari. Wato halarta ita ce haƙƙin. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Sayyidina Aliyu ci gaba da cin dabino lokacin da yake farfaɗowa daga jinya, da aka kawo abincin sha'ir da ganye sai ya umarce shi da ya ci wannan domin ya fi dacewa da shi. Saboda haka ƙauracewa wani abinci saboda ciwo ba raunin tawakkali ba ne.

Inda nake ganin jarrabawar ta fi tsanani shi ne Babbar Salla. Ranar yanka da hanta da kayan ciki ake farawa, sannan a yi kwanaki ana cin soye da kilishi, kuma kowane gida ka shiga sai an ajiye maka. Ci daga layya mustahabbi ne, loma ɗaya ta wadatar, sauran a yi sadaka da kyauta. Ina kuma so Malama ta yi mana bayanin azumi.

Malama Hadiza, Marwa:
Na gode, Malam. Ƙishirwa da daɗewa ba ci suna iya ɗaga yurik asid na ɗan lokaci, kuma idan aka haɗa da buɗe baki da lemo mai sanyi da soyayyen nama, an tara abubuwan da ke tayar da ciwon a dare ɗaya. Mafi yawan masu gut suna azumi lafiya idan suka rarraba shan ruwa tsakanin magariba da sahur, suka sassauta nama da zaƙi. Allopurinol sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mai da shi bayan buɗe baki. Wanda ƙodarsa ta riga ta raunana ko yake da tsakuwa, shi ne zai tuntuɓi likita kafin watan ya kama. Haka kuma mai son rage ƙiba ya bi a hankali, domin horon yunwa na gaggawa shi ma yana tayar da ciwon.

Sa'adu, Garwa:
Allah ya saka muku da alheri. Akwai wani aminin Baffa, wanda suka yi Hajji tare, da nake jin zai saurare ni, kuma ta wurin mahaifina zan bi domin maganar ta fito daga sama. Abu ɗaya da ban ambata ba shi ne Baffa yana shan maganin hawan jini tun shekarun baya, kuma Goggo ta ce yana sa shi yawan fitsari. Ko wannan yana da alaƙa?

Abbakar, Garwa:
Yana iya kasancewa da alaƙa sosai. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su hydrochlorothiazide da furosemide, suna hana ƙoda fitar da yurik asid, kuma sanannun masu jawo gut ne. Akwai wasu kamar losartan da ke ɗan taimakawa wajen fitar da shi. Amma kada wani ya ce wa Baffa ya daina maganin hawan jininsa saboda abin da aka karanta a nan, domin wannan zai zama irin shawarar da muke kuka da ita, kuma hawan jini ya fi gut saurin kisa. Ku ɗauki kwalin maganin ku kai wa likitan da ya rubuta allopurinol, shi zai ga ko a canza. Ku roƙi a auna ƙarfin ƙodarsa da sukarin jininsa, domin gut da hawan jini da ciwon sukari sukan yi tafiya tare. Idan ya koma shan allopurinol kuma ƙuraje ko ja suka fito masa a fata, ko bakinsa ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo, ya tsaya nan take ya je asibiti. Abin ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yana da haɗari, kuma galibi a makonni ko watannin farko yake zuwa.

Garba Mahauci, Ngaundare:
To, ni dai na fahimci cewa tsoka kaɗan ba ta kai kayan ciki laifi ba. Daga yau mai ɗingishin da ya zo tukubata zan yanka masa tsoka, in hana shi hanta, lemon kuma ya nema a wani wuri.

Asma'u, Yagwa:
Ina bin wannan muhawara tun farko. Mahaifiyata ta kusa shekara 65, gwiwarta ta kumbura tun shekaranjiya, ta yi zafi, kuma jikinta ma da zazzaɓi. Matan unguwa sun ce irin ciwon masu cin nama ne, a hana ta kifi a ba ta jiƙo. Shin mata ma suna kamuwa, kuma in fara mata da canjin abincin da aka lissafa a sama?

Malama Hadiza, Marwa:
Mata suna kamuwa, musamman bayan al'ada ta ɗauke, domin kafin nan sinadarin jikin mace yana taimaka wa ƙoda fitar da yurik asid. Amma, 'yar'uwa, kada ki tsaya gyaran abinci. Gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga cikinta, kuma wannan yana lalata gwiwa cikin 'yan kwanaki idan ba a yi magani ba. Ido ba ya bambance shi da gut, ko awon yurik asid ma ba ya raba gardama a lokacin, domin yakan nuna daidai yayin da gut ɗin yake tsakiyar tashi. Sau da yawa sai an zuƙi ruwan gwiwar da allura an duba. Ki kai ta asibiti yau, kada a tsaga wurin, kada a sa ƙaho, kuma ki tafi da duk magungunan da take sha.